Giyar tsofaffin Tahoe, Suburban da Yukon: me ke fara mutuwa, kuma ta yaya ake gane shi?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun yi yawa a kan manyan jif ɗin nan na Amurka, Chevrolet Tahoe da Suburban da GMC Yukon, musamman ƙirar 2000 zuwa 2006. Injin V8 ɗinsu yana da jimiri, amma ƙorafin kusan kullum daga bayan injin yake farawa: giya, ogzilari (akwatin da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin gaba da na baya), farfela, aksul. Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke wa giyabos hukuncin kisa tun ba a auna komai ba. Oga Bala, Injiniya Rabi, ku taimaka mu bi abin daki-daki.

Oga Bala Mai Giya: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa sifana, a buɗe akwatin ajiya na gaban fasinja. Akwai farar takarda manne a ciki mai ɗauke da lambobi masu harafi uku-uku. M30 na nufin giyar 4L60E ce, M32 kuwa 4L65E, MT1 ita ce 4L80E da ake samu a Suburban 2500. NP8 ogzilari mai maɓallin Auto. GU6 na nufin haƙoran aksul 3.42, GT4 3.73, GT5 4.10. G80 kuma aksul ɗin baya mai kulle kansa. Wanda bai karanta takardar nan ba, cikin duhu zai sayi kaya.

Mafi yawansu 4L60E gare su. Jikar 700R4 ce ta 1982, aka mayar da ita mai aiki da kwamfuta a 1993. Giya huɗu: 3.06, 1.63, 1.00, 0.70. Ku dubi tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sannan ku tuna motar ta haura tan biyu ko babu kowa a ciki. Giya ce mai sauƙin gyara, amma nauyin da aka ɗora mata ya kai iyakar ƙarfinta. Alherinta ɗaya, ba ta ɓoye ciwonta. Giyar da ta ɓace ita ke faɗa maka abin da ya lalace.

Sadiku: Oga, ga misali. Tahoe 2003, tana tashi lafiya, ta ɗaya da ta biyu ba matsala, da ta zo shiga ta uku sai injin ya yi kuka, allurar juyi ta haura, mota ba ta ƙara gudu. Ribas yana nan daram. An ce salanoyid ne, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya.

Oga Bala Mai Giya: Da wuya ya zama salanoyid, Sadiku. Wannan hoton faiban 3-4 ne, wato faranten kulocin cikin giya, da suka ƙone. Suna can cikin gangar gaba, guda shida ne a 4L60E, bakwai a 4L65E, kuma su ne ke riƙe ta uku da ta huɗu duka. Zaro sandar awon mai ka shinshina. In man ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana ƙauri, magana ta ƙare, sai an sauke.

Amma a ji wannan da kyau: faiba ba ya ƙonewa haka siddan. Matsin mai ne ke zurarewa kafin ya isa gare shi. Wuraren zurarar sanannu ne: sil ɗin fistin na 3-4, zobban tefulon da ke kan sandar shiga, ƙaramin ƙwallon da ke cikin kwanson giya a bayan fistin da ke matse bel ɗin 2-4 mai riƙe ta biyu da ta huɗu, da bawul ɗin ƙara matsi na cikin famfo idan raminsa ya cinye. Mai gyaran da ya zuba sababbin faiba ya rufe bai gwada gangar da iska ba, bai duba waɗannan ba, aikin ba zai daɗe ba. A hura iska a ramin sandar, a ji fistin ya buga ɗas ya riƙe. In ana jin huci, akwai sauran aiki.

Injiniya Rabi: Na yarda da Oga a kan wannan motar, amma bari in nuna inda salanoyid da waya ke da laifi da gaske, don nan ne ake sauke giya mai lafiya. Salanoyid biyu ne ke zaɓar giya, A da B. A ta ɗaya duka biyun suna da wuta. A ta biyu A ya mutu, B na kunne. A ta uku duka a kashe. A ta huɗu A ya dawo, B a kashe. To ku lura: in wuta ta ɗauke wa giyar gaba ɗaya, ina za ta tsaya? A ta uku. Shi ya sa za ka ga mota tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta da igiya, ba ta canja giya ko sau ɗaya, amma da ta ɗau hanya sai ta tafi sumul. Wannan ba zamewa ba ce, tashi ne da giya ta uku.

A sa sikana. In aka ga lambobin matsala P0753 da P0758 tare da P0740, P0785 da P1860 a lokaci guda, kada a yarda cewa salanoyid biyar ɗin da lambobin nan ke nufi sun mutu rana ɗaya. Waya ɗaya ce ke ciyar da su duka. A duba fis, a auna wuta a soket ɗin da ke gefen giya da makulli a kunne. A motocin nan makunnin da ke bayan makulli yana ƙonewa ta ciki, ya hana wutar isa, kuma GM, kamfanin da ya ƙera su, da kanta ta fitar da sanarwa ga masu gyara a kan haka. In kuwa lamba ɗaya ce kacal, a auna salanoyid ɗin: A da B kowanne yakan ba da om 20 zuwa 30. Ana canja su ta ƙasa, kaskon mai na ƙasan giya kawai za a cire.

A 4L80E kuwa in wuta ta ɗauke a ta biyu take maƙalewa, kada a rikita su.

Alhaji Tanimu: Madalla, Injiniya. To wadda ribas ya ɓace fa? Ita ce ta fi tayar wa mutane da hankali.

Oga Bala Mai Giya: Ranka ya daɗe, a nan tambaya ɗaya ake yi: ribas kaɗai ne ya tafi, ko ya tafi da ta biyu da ta huɗu? In mota tana tashi a ta ɗaya, ta tsallake zuwa ta uku, babu ta huɗu, babu ribas, to kwanon ƙarfen nan ne mai kama da tasa da ke juya giyar rana ta baya. Ko haƙoran wuyansa sun suɗe, ko wuyan ya tsage ya rabu da jiki. Sau da yawa lokaci guda yake faruwa, ba gargaɗi, wani lokaci da ƙara ƙwas. Abin da ke gajarta masa kwana shi ne jefa mota a ribas tana kan gangarawa gaba, ko girgiza ta tsakanin D da R da totur a ƙasa idan ta kafe a yashi. Duk wanda ya buɗe 4L60E saboda kowane dalili, ya sa kwano mai tauri na zamani ko da tsohon bai nuna komai ba. Mayar da tsohon ganganci ne.

In ribas kaɗai ne yake jinkiri ko zamewa alhali giyoyin gaba lafiya, sai a koma kan faiban ribas da matsin mai. In kuma a D ba ta motsi amma ka ja hannun giya zuwa 1 ta tafi, ɗaya daga cikin boris masu juyawa gefe guda ne ya saki.

Sadiku: Akwai kuma wadda da safe lafiya lau, amma bayan tafiya mai nisa a babban titi, in ka tsaya ka tashi, sai ta buga ta biyu kamar an dake ta daga baya. In an kashe an tayar sai ta daina.

Injiniya Rabi: Wannan P1870 ce, a wasu shekarun P0894. Ga yadda abin yake. A cikin konbata, wato tulun man da ke haɗa injin da giya, akwai kuloci da ke kulle injin da giya idan mota ta daidaita gudu. Tun 1995 ba lokaci guda ake kulle shi ba, a hankali ake matsa shi ta wani bawul da ke kai da komo ba hutawa a cikin ramin alminiyam. Shekaru suna tafiya ramin yana faɗi. Da mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa tsiyaya ta gefen bawul, kulocin ya fara zamewa. Kwamfuta ta ga injin ya fi giya juyi a lokacin da ya kamata su zama ɗaya, sai ta ɗaga matsin mai zuwa ƙarshe don ta kare faiba. Bugun da kake ji ke nan. Kashe mota yana mayar da ita yadda take, amma ramin yana nan a cinye.

Maganinsa a faɗaɗa ramin da kayan aikinsa na musamman a sa bawul mafi kauri. Sonnax da TransGo duk suna yin kayan wannan gyaran. Ba ya buƙatar sauke giya, balbodi, wato gidan bawul-bawul da ke saman kasko, kaɗai ake cirowa. Amma in an daɗe ana tafiya a haka, kulocin konbata ya riga ya goge, ita ma sai an canja. Kuma tunda an shiga, a cire fistin ɗin da ke tausasa shigar ta biyu. Na roba ne a yawancinsu, yana tsagewa, ramin tsakiyarsa yana faɗi. A sa na alminiyam.

Malam Isiyaku: Ina so in ƙara a kan karkarwa. Mota tana kan kilomita 70 zuwa 80, ƙafa a sassauce, sai a ji kamar an hau tsakuwa. Mutane suna ɗora wa konbata, alhali fulogi ko koyil mai rauni yana yin haka daidai wa daida, domin da konbata ta kulle duk wani tsallen injin kai tsaye yake isa taya. Gwajin: kana cikin karkarwar, kada ka ɗaga ƙafar dama, ka ɗan taɓa birki da ta hagu yadda fitila za ta kama kawai. Wannan yana sakin kulocin konbata. In ta ɗauke nan take, abin yana tsakanin konbata da tsallen injin, sai sikana ta raba gardama ta hanyar ƙirga tsallen kowace silinda. In ba ta canja ba, a bar giya a koma kan taya da farfela.

Sansar iska mai datti ma tana ɓata canjin giya. Kwamfuta da ita take kimanta nauyin da ke kan injin, da shi kuma take yanke yawan matsin mai. In sansa ta ce iska kaɗan ce alhali ana hawan tudu, matsin zai yi ƙasa, faiba su zame.

Alhaji Tanimu: Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi mini ca. Ni ra'ayina, tsohuwar giya da ba a san tarihinta ba, a bar mata manta. Sanannen abu ne a canja mai yau, sati mai zuwa mota ta daina tafiya. Tsohon man ya yi kauri da garin faiba, shi ke riƙe da ita. In dai tana tafiya, me ya kai mutum tsokano tsuliyar dodo?

Oga Bala Mai Giya: Alhaji, da girmamawa, rabin maganar gaskiya ce. Giyar da garin faiba ke riƙe da ita ta riga ta mutu, kwana kawai take ƙirgawa. Kuma yawanci ba a tuna da canjin mai sai an fara jin alama, sai a ɗora wa sabon mai laifin ciwon da ya riga shi zuwa. Abin da nake ƙi shi ne a bar giya mai lafiya da man da ya gaji saboda tsoron abin da ya sami marar lafiya. Littafin motar ya ce a aiki mai tsanani, wato zafi, cunkoso, tudu ko jan tirela, a canja mai da filta duk mil 50,000, kimanin kilomita 80,000.

Kaskon shi ne alƙali. A sauke shi a duba. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikin maganaɗisu, wannan al'ada ne. Baƙin ɓarɓashi kamar garin gawayi a ƙasan kasko, faiba ne ko bel ɗin 2-4. Ƙyalli ruwan zinariya, bushin ne ko wosha. Ƙyalli fari mai yawa, konbata ko famfo. Gutsuren ƙarfe da yatsa ke iya ɗauka, kada ma a ɓata sabon mai.

Alhaji Tanimu: To na ji wannan. Amma injin wankin giya da ake haɗawa da tiyo fa? A nan ba zan sauka ba.

Oga Bala Mai Giya: A nan muna tare, musamman in za a zuba sinadarin wanki, ko a yi shi ba tare da an sauke kasko an canja filta ba. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ga tsohuwar giya: cikinta gaba ɗaya kimanin lita 10 da rabi ne, sauke kasko yana fitar da lita 4.7 ko kusa da haka, ƙasa da rabi ke nan. A canja filta, a cika, a yi tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita, a sake zubar da na kasko. Sau biyu ko uku man ya sabunta a hankali.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata aikin: filta iri biyu ce, ta kasko mai zurfi da ta marar zurfi, in aka sa gajeriya a mai zurfi za ta iya zamowa ta sha iska. Zoben da wuyan filta ke shiga a cikin famfo, a zaro tsohon a hankali kada a karce ramin. Kusoshin kasko 16 ne, niyuton-mita 11 kawai suke so, a bi su a gicciye. Wanda ya danne su da ƙarfi ya lanƙwasa leɓen kasko, yoyo ba zai ƙare ba. Mai kuwa Dexron VI, ya maye gurbin Dexron III tun ƙirar 2006 kuma yana aiki a tsofaffin. Awo da injin a silo, a P, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, bayan an bi da hannun giya ta kowane matsayi, mai yana tsakanin digiri 82 zuwa 93.

Injiniya Rabi: Akwai abin da ya fi tsohon mai haɗari, kuma ba a cika dubawa ba. Man giya yana bi ta cikin tankin lagireto ya huce. In bututun ciki ya fashe, ruwan lagireto ya shiga giya, man sai ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama madara a ciki. Ruwan yana narkar da gam ɗin da ke riƙe takardar faiba, ta ɓare daga ƙarfenta. In aka ga haka a tsayar da mota a inda take. Lagireton da ya shekara ashirin bai cancanci a jingina masa sabuwar giya ba. Sannan mahaɗan bututun, masu ɗan ƙarfen maƙalewa, suna tsatsafo a hankali har mai ya yi ƙasa ba a sani ba.

Zafi kuma shi ne babban makashin 4L60E. Da kaya ko tirela a danna Tow/Haul, in har yanzu tana ta kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu a tudu, a ja ta zuwa 3 a bar ta a nan. Ƙarin na'urar sanyaya mai a gaban lagireto yana da amfani ƙwarai ga wadda ba ta zo da ita ba.

Baban Ummi: Salamu alaikum, ku ba ni dama in shigo da ogzilari, don ina ganin shi ne maraya a motar nan. Kowa yana duba man injin, wasu suna duba na giya, shi kuwa sai ya fara ihu. Mai maɓallin Auto, wato NP246, kwansonsa na maganiziyam ne, mai laushi. A can baya akwai ƙaramin famfon mai da kunnuwansa ke zaune a jikin kwanson, da wani ɗan ƙarfe a tsakani. Ɗan ƙarfen yana karyewa ko ya goce, kunnen famfo ya yi ta cin bango har ya huda shi. Hujin kamar na allura yake, kuma yana sama, don haka ba ya ɗiga a ƙasa in mota tana tsaye. A kan tafiya yake fesawa. Abin da za ka gani shi ne danshi da ƙura manne a bayan ogzilarin da ƙarƙashin mota. Cikinsa lita 1.9 ne kawai, ba ya jimawa ya ƙafe, boris da sarƙa su bi.

A goge bayan kwanson da fetur a haska fitila a nemi ɗigon. Liƙe shi da gam daga waje ba ya hana famfon ci gaba da ci. Gyaran gaskiya a raba kwanson biyu, a sa farantin kariya a kan famfo, in hujin ya riga ya fito a canja rabin baya. Mansa Auto-Trak II ne, shuɗi. Ba Dexron VI ba, domin akwai faiba a ciki da aka tsara su da wannan man.

Ga wani sirri: in man giya yana raguwa ba a ga yoyo ko'ina ba, a kwance kusar cikawa ta ogzilari. In jan mai ya bulbulo, sil ɗin da ke tsakaninsu ya saki, giya tana juye manta a ciki.

Sadiku: Baba, rubutun Service 4WD da ke fitowa a dashbod fa? Shi ma ogzilarin ne ya lalace?

Malam Isiyaku: Galibi wuta ce. Abu uku ake bi a jere: maɓallan da ke dashbod, waɗanda dalmarsu ke tsagewa ta ciki, wayar as da ke ɗaure a jikin shasi ƙarƙashin ƙofar direba, tana tsatsa, sai sansar da ke cikin ɗan injin lantarkin da ke juya ogzilarin, wadda ke ba da C0327. Ƙaramar sikana ba ta karanta waɗannan lambobin, sai wadda ke shiga kwamfutar ogzilari. In kuma ogzilari ya shiga amma tayoyin gaba ba sa ja, a saurari ɗan injin da ke jikin aksul ɗin gaba, shi ke haɗa sandar dama.

Baban Ummi: Kuma a daina tafiya a 4HI, wato jan taya huɗu a kulle, a kan busasshiyar kwalta. Gaba da baya a kulle suke, a kwana dole ɗaya ya ja ɗaya, sarƙa ta miƙe. Alamar sarƙar da ta miƙe ita ce ƙas-ƙas a ƙarƙashin kujera idan an taka totur a 4HI. Shiga 4LO, wato jan taya huɗu mai ƙaramin gudu, kuwa sai a N, mota tana ɗan gangarawa ƙasa da kilomita 5 a awa. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. A zagaya kowacce da igiya a auna. Sababbi biyu a baya da suɗaɗɗu biyu a gaba suna sa Auto ya ɗauka kullum ana santsi, ya yi ta matse faibansa har su ƙone.

Alhaji Tanimu: Saura ƙarar nan ta "gum" idan an tsaya a danja ko an saki birki. Da yawa suna rantsuwa giya ce.

Oga Bala Mai Giya: Ba ita ba ce. Bakin farfela na gaba yana da haƙora da ke zamewa ciki da waje a kan sandar fita yayin da bayan mota ke hawa da sauka. In wurin ya bushe sai ya maƙale, ya saki lokaci guda. A yi wa farfela da aksul alama da fenti don ta koma yadda take, a zare, a wanke haƙoran, a shafa giris, a mayar. In ta dawo da wuri akwai baki mai rufin nikel da GM ta fitar saboda wannan.

Tunda farfela tana ƙasa, a juya kowane kuros da hannu. Wanda ke da wasa ya mutu, wanda ya sandare ma ya mutu, kuma shi ya fi wuyar ganewa a jikin mota. Jan gari kamar barkono a bakin kofinsa, alluran ciki ne suka bushe suke niƙewa. Na asali da yawa ba zobe ke riƙe su ba, narkakkiyar roba aka ɗura. Sai an gasa kunnen da wuta, za ka ga robar tana fitowa ta ɗan rami tana murɗewa kamar tsutsa, a kawar da fuska don takan yi tsartuwa. Farfelar alminiyam kuwa ba a kai mata wuta, ba a dukanta da guduma.

Injiniya Rabi: Aksul ɗin baya a gajarce. Kukan da ke zuwa in an ɗaga ƙafa daga totur, boris ɗin finiyon, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa a cikin aksul, ne ya saki. Gurnanin da ke ƙaruwa in an karkata sitiyari gefe guda, boris ɗin taya ne, kuma a wannan aksul ɗin kai tsaye yake gudu a kan sandar, don haka a duba ko ya ci ta. Mai 75W-90 sintetik, kimanin lita 2, kuma a samfurin 1500, wato mara nauyi kamar 2500, ba dole sai ya kai bakin rami ba, milimita 15 zuwa 40 ƙasa da shi daidai ne. G80 ba ya son ƙarin sinadarin santsi. Yana kullewa ne idan taya ɗaya ta fi ɗaya juyi da kusan 100 a minti, a ƙasa da kilomita 32 a awa, kuma wanda ya bar taya tana ta walwala da totur a ƙasa har ya cafke, zai iya tarwatsa shi.

Kafin a canja sil mai yoyo a busa tiyon numfashin aksul, in ya toshe sabon sil ma zai zubar. Sil ɗin finiyon kuma ba a ɗaure notinsa da bindigar iska yadda aka ga dama. A bayansa akwai zoben da ke matsewa sau ɗaya tak, in aka wuce gona da iri boris zai ƙone.

Sadiku: To mu koma kan Tahoe ɗin farko. In aka samu tsohuwar giya daga wata motar, a ɗora kawai?

Oga Bala Mai Giya: Sunan 4L60E ɗaya ne, cikinta ba ɗaya ba. Ta mota mai jan baya kaɗai sandar fitarta doguwa ce, ba ta karɓar ogzilari, kuma canja sandar sai an wargaza giyar har ƙasa. Ta tsohon injin 5.7 na kafin 2000 kai da sandar shigarta sun bambanta da na 4.8 da 5.3. Na shekarun ƙarshe an ƙara musu sansar juyin shiga, soket ya canja. A ƙirga ƙafafun soket, a gwada lambar da ke jikin kwanso. Daga 2009 kuma yawancin Tahoe da Suburban sun koma 6L80 mai giya shida da kwamfutarta a cikin kasko, wannan wata duniya ce.

Ko gyararriya ko tsohuwa, a wanke bututu da na'urar sanyaya mai har sai abin da ke fita ya zama tas, don garin tsohuwar yana can yana jira. A zuba wa konbata kamar lita ɗaya, a tura ta ana juyawa har a ji ta faɗa sau uku, na ƙarshen shi ne shigarta famfo. Bayan an ɗaure giya da injin, konbata ta juya da hannu, kuma ya zama akwai tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da farantin injin, wadda za a jawo ta gaba a rufe. In babu tazara ba ta zauna ba, kuma in aka ja giyar da kusoshi a haka famfo zai fashe tun kafin a tayar.

Injiniya Rabi: Kafin a fita da ita titi, Sadiku, ka ɗaura gejin matsi a ramin da ke gefen direba na kwanson, sama da sandar hannun giya. A silo ka nemi psi 55 zuwa 65. Ka sa sikana ta rage wutar salanoyid ɗin matsi mataki-mataki, allura ta riƙa hawa ba tsalle har 170 zuwa 190. In ta tsaya a hanya ko tana rawa, ka rubuto mana lambobin da ka gani a P, a D da a R.